Neman Gurbin Fosdok a Fagen Na'urorin Laluben Ƙwayar Zarra: Daga Wasiƙar Farko Zuwa Ranar Tattara Kaya

Kwanakin baya wani ƙanin abokina ya kira ni a waya. Ya kusa kammala digirinsa na uku a fiziks, kuma ya shafe shekara uku yana aika samfuransa ana duba masa da na'urar AFM mai laluben fuskar samfur da allura, a dawo masa da hotuna masu launin zinariya ya manna a takardunsa. Yanzu so yake ya nemi fosdok a wannan fagen, wato aikin binciken nan na shekara biyu ko uku da mutum kan yi bayan an fara kiran sa dakta, kafin ya samu kujerar kansa. Na ce masa, "Dakta, ka taɓa ɗaura allura a jikin na'urar da hannunka?" Sai ya yi shiru. Abin da na gaya masa a daren nan shi ne na rubuta a nan, domin a wannan sana'a hannun mutum ake fara dubawa kafin takardunsa.

Mataki na farko: ka san ƙofar gidan da kake ƙwanƙwasawa

Waɗannan na'urori ba su da gilashin hangen komai. Lalube suke yi, kamar mai tafiya da sanda cikin duhu yana gane rami da tudu. A 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera ta farko, STM, a ɗakin binciken IBM da ke Rüschlikon kusa da Zurich. Ana kawo tsinin allurar ƙarfe dab da fuskar samfur, tazarar ba ta kai nanomita ɗaya ba (kashi ɗaya cikin biliyan na mita), sai wata 'yar ƙaramar wutar lantarki ta riƙa tsallakawa ko da ba su taɓa juna ba. Sirrin abin shi ne, in allurar ta matsa da kashi ɗaya cikin goma na nanomita, wutar kan ƙaru kusan ninki goma. Da wannan ake gane ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. A 1986 suka karɓi kyautar Nobel tare da Ernst Ruska, kuma a shekarar ce Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka fito da AFM, wadda ke auna ƙarfin ja da turi tsakanin allura da samfur, don haka tana aiki a kan abin da wuta ba ta ratsa shi, har da ƙwayar halitta a cikin ruwa.

Daga nan zuriyar ta watsu, kuma yau gidaje ne daban-daban. Kuskuren farko da masu nema ke yi shi ne su ɗauka duk abu ɗaya ne.

Akwai gidan sanyi da bakyum. Nan ake aiki a cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na iskar da muke shaƙa ba, a sanyaya samfur da ruwan hiliyom zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri. A irin wannan yanayi Don Eigler da Erhard Schweizer suka jera ƙwayoyin zarra 35 na iskar zinon suka rubuta sunan IBM, aikin da aka buga a 1990. A nan kuma Leo Gross da abokan aikinsa suka maƙala ƙwayar iskar CO ɗaya a tsinin allura a 2009, suka ɗauki hoton ƙwayar fentasin, zobbanta biyar ɓaro-ɓaro kamar zanen littafin kemistiri.

Akwai gidan nazarin kayan ƙira, inda AFM ke aiki a sarari ko cikin akwatin safar hannu, ana auna yadda wuta ke rarrabuwa a fuskar faifan sola, ko batir, ko yadda tsatsa ke fara cin ƙarfe. Akwai gidan halittu, inda ake latsa ƙwayar jini a ji taurinta. A Kanazawa ta Japan, Toshio Ando ya ƙera AFM mai sauri har a 2010 suka nuna furotin mayosin yana takawa ƙafa bayan ƙafa. Sai kuma maƙera, masu gina sabbin na'urori da rubuta manhajar da ke tuƙa su.

Ra'ayina, kuma ba kowa zai yarda ba: wanda ya yi digirinsa na uku a jami'o'inmu ya fi samun shiga ta gida na biyu ko na uku. Gidan sanyi ba kasafai yake ɗaukar wanda bai taɓa ɗaure kusoshin tukunyar bakyum ba, domin kuskure ɗaya yana iya cinye wa mutum biyar aikin wata guda. Ba a rufe ƙofar ba, amma sai ka zo da wani abin da suke nema ruwa a jallo, kamar iya haɗa sinadarai, ko lissafin kwamfuta, ko ƙwarewa a harkar lantarki.

Mataki na biyu: gina hannu, tun kafin ka rubuta wa kowa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara guda kafin ka kare digiri ya kamata ka fara wannan, kuma a nan zan fi daɗewa domin shi ne jarin.

Abu na farko allura ce. Duk hoton da ka gani, rabi siffar samfur ne, rabi siffar allurarka. Ta STM yawanci da wayar tangistan ake yin ta. Za ka tsoma wayar cikin ruwan kostik soda, irin dai wadda masu haɗa sabulu ke saye a kasuwa, ka ba ta wuta kaɗan. Daidai bakin ruwan wayar za ta riƙa zagwanyewa tana sirancewa, har nauyin guntun da ke ƙasa ya tsinke shi ya faɗi. A wannan ƙiftawar idon dole wutar ta yanke, in ba haka ba tsinin da ya fito zai ci gaba da cinyewa ya dakushe. Wayar filatinom da iridiyom kuwa da filaya ake yanke ta a karkace, kana yanka kana fizga. Goma za ka yi, uku su yi kyau. Bayan an shigar da ita cikin na'ura ma ba a gama ba: za ka riƙa ɗana mata wuta, kana ɗan caka ta cikin zinariya ko tagulla, kana sake dubawa, wani lokaci yini guda cur, har ta yarda.

Na biyu, sanin hoton ƙarya. In ka ga kowane tudu a hotonka yana da ɗan'uwa a gefensa kamar tagwaye, allurarka baki biyu gare ta. In duk ƙwayoyin siffarsu ɗaya, masu kusurwa uku suna kallon gabas, hoton allurarka kake ɗauka. In layuka sun karkace kamar iska ta kaɗa shanya, zafi ne ke sa na'urar tafiya. Ka san ma'aunan da ake gwada na'ura da su kamar yadda ka san lambar wayarka: matakala ɗaya a kan girafait nanomita 0.335 ce, a kan zinariya kusan 0.24, kuma tazarar ɗigon da STM ke nunawa a girafait 0.246 ce, domin ƙwaya ɗaya cikin biyu kawai ke fitowa sosai. Ana yin wannan tambaya a intabiyu, kuma na ga wanda ya faɗi a kanta.

Na uku, farautar hayaniya. Na'urar da ke jin motsin da bai kai faɗin ƙwayar zarra ba tana jin komai: lifta, takun mai shara, motar kaya a titi, fanka. Shi ya sa mafi yawan ɗakunan nan a ƙarƙashin ƙasa suke, kuma a 2011 IBM da jami'ar ETH suka buɗe wata cibiya a Rüschlikon mai ɗakuna na musamman da aka killace daga girgiza da ƙara. Dabarar ita ce ka karanta bugun hayaniyar. In tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ko 100, ko 150, daga wutar gini take. A Amurka 60 ne, a Japan kuwa gabashi 50, yammaci 60. In ba ta wuce sau kaɗan a daƙiƙa ba, ginin ne ke rawa.

Bari in tona wa kaina asiri. A watannina na farko a wani ɗakin bincike, na yi mako uku ina fama da wasu ratsi-ratsi a kowane hoto. Na canza allura ta fi goma. Na kashe famfunan zuƙar iska ɗaya bayan ɗaya. Na zargi masu gyaran bututu a hawa na sama. Wata safiya injiniyan ɗakin, wani dattijo da ba ya son yawan magana, ya shigo ya tsaya a bayana, ya dubi allo, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zare wata waya. Ratsin ya ɓace nan take. Cajar laftof ɗina ce, wadda na saya a kasuwa kafin in taso, na jona ta a soket ɗaya da na'urar ƙara ƙarfin sigina. Bai ce mini uffan ba, ya ajiye ta a gabana ya fita. Wannan labarin ya fi yi mini amfani a intabiyun da na yi daga baya fiye da takardata mafi kyau, domin duk wanda ke ɗakin ya taɓa irin wannan kunya.

Na huɗu, sarrafa bayanai. Gwyddion manhaja ce ta kyauta da aka rubuta a ƙasar Cek, tana buɗe fayilolin kusan kowace na'ura. Sauke ta yau. Ka koyi Python, yaren rubuta manhaja, har ka iya ɗaukar hotuna ɗari biyar ka daidaita su ka fitar da ma'auni ba tare da ka latsa kowanne da hannu ba. Wannan ba ya buƙatar komai sai kwamfuta da caji, kuma mutanenmu da yawa ta nan suka shige gaban waɗanda suka taso a gindin na'ura.

To in babu na'urar a jami'arku fa? Zuwa da kai ya fi aike. In kana aika samfur wani wuri, roƙi a bar ka ka bi shi, ka zauna kusa da mai aunawa mako biyu, ka karɓi ɗanyen fayil maimakon hoton da aka riga aka gyara. Cibiyar ICTP da ke Trieste, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin TRIL da ke kai masu bincike daga ƙasashe masu tasowa ɗakunan gwaje-gwajen Italiya. TWAS, ƙungiyar masana kimiyya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ita ma a Trieste take, tana da shirye-shiryen ziyara. A Afirka ta Kudu akwai iThemba LABS da cibiyar CSIR ta Pretoria masu aikin nano. Wata uku a gaban na'ura sun isa su canza jimlar "na yi amfani da bayanan AFM" ta koma "na auna da kaina".

Mataki na uku: jera ɗakuna goma sha biyar

Kada ka fara da shafukan talla. Ka fara da takardun da ka fi karantawa, ka tafi kai tsaye sashen da suka bayyana yadda aka yi aikin, ka ga wace na'ura ce, a wane sanyi, saye suka yi ko ƙerawa. A gidan sanyi sunayen da za ka riƙa cin karo da su sun haɗa da Franz Giessibl da Jascha Repp a Regensburg, Roman Fasel a Empa ta Suwizalan, Katharina Franke a Berlin, Pavel Jelínek a Prague, Peter Liljeroth a Aalto, Sander Otte a Delft, Andreas Heinrich a Seoul, Ali Yazdani a Princeton, da Michael Crommie a Berkeley. Giessibl ne ya ƙirƙiro qPlus, wani ɓangaren AFM mai riƙe allura yana jin ƙarfi, wanda asalinsa ɗan cokali mai yatsu biyun nan ne na cikin agogon hannu, mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. A fannin halittu akwai Daniel Müller na ETH. Masu Faransanci daga Nijar, Chadi da Kamaru su dubi CEMES a Toulouse da cibiyar Néel a Grenoble.

Amma kada jerinka ya zama na manya zalla. Babban farfesa yana samun wasiƙu da yawa a mako. Wanda ya fi buƙatarka shi ne tsohon ɗalibinsa da bai daɗe da buɗe nasa ɗakin ba, yana da kuɗi, yana da na'ura a cikin kwali, ba shi da mutane. Bi sunayen farko a takardun shekara biyar zuwa takwas da suka wuce, ka ga ina suka koma. Bayan haka ne za ka leƙa EURAXESS, da jobs.ac.uk, da Nature Careers.

Mataki na huɗu: wasiƙar farko

Da Turanci za ka rubuta, kuma kada ta wuce abin da mutum zai karanta a tsaye yana jiran shayi. Mu an raine mu da doguwar gaisuwa, kuma daidai ne a gida. A nan layi ɗaya ya wadatar. Yabon "shahararren ɗakinku mai daraja" kai tsaye kwandon shara yake kai wasiƙa, domin kowa ya san an aika wa mutum hamsin irinta.

Sakin layi na farko: kai wane ne, yaushe za ka kare, me kake nema. Na biyu shi ne zuciyar abin: ka ambaci takardarsu guda, ka faɗi wani abu da ya nuna ka karanta ta har ƙarshe, ka yi tambaya ko ka kawo shawara. Misali, sun auna rarrabuwar wuta a kan wani faifan sola a busasshiyar iska, kai kuma kana da samfuran da suka sha zafi da laima wata shida, kana so ka ga abin da ke faruwa a kan iyakokin ƙwayoyin. Na uku: abin da hannunka ya iya, da sunan na'ura da yanayin aunawa, ba ƙari ba ragi. Na ƙarshe: ka ce a shirye kake ka nemi tallafin kanka in za su karɓe ka. Wannan jimlar tana buɗe ƙofar da "ba mu da gurbi" ta rufe.

Ka haɗa da CV mai shafi biyu da hoto ɗaya da ka auna da kanka. Cire shekarun haihuwa, addini, ƙaramar hukuma da sunan firamare. Kada ka yi ƙarya a kan na'ura. Ranar farko za a miƙa maka hantsaki a ce ɗaura allura, kuma hannu ba ya ɓoye abin da bai sani ba. In mako biyu suka wuce shiru, tuna musu sau ɗaya, ka wuce gaba.

Wata magana mai ɗaci: in kana da takardu a mujallun nan da ke buga komai in an biya, cire su daga CV. Takarda biyu a mujallar kirki sun fi goma sha biyar na can, kuma ganin su kaɗai yana sa a daina karantawa.

Mataki na biyar: kuɗin

Hanya biyu ce. Ko dai oga yana da kuɗin wani aiki ya ɗauke ka ka yi masa, ko kai ka zo da naka. Ta farko ta fi sauri, amma taken binciken nasa ne. Ta biyu tana cin wata shida zuwa shekara, amma tana ba ka 'yanci, kuma tana da nauyi a CV har ƙarshen aikinka.

Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus tana ba da tallafin wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da kammala digiri na uku ba. Tana kuma da tallafin Georg Forster, na masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, wanda sharaɗinsa aikin ya shafi ci gaban yankin da ka fito. Kada ka ƙirƙiro alaƙar dole. Akwai ta gaskiya. Ana amfani da AFM wajen auna taurin jajayen ƙwayoyin jinin masu sikila, da ganin ƙullutun da ke fitowa a fatar ƙwayar jinin da zazzaɓin cizon sauro ya kama, da nazarin lalacewar faifan sola a zafi da ƙura. Wa ya fi mu sanin waɗannan matsaloli?

Tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai na wata 12 zuwa 24 ne, ana rufe karɓa a watan Satumba, kuma sharaɗi ne kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin shekara uku da suka gabata. Gasar tana da zafi, kuma da mai masaukinka za ku rubuta, don haka tun watan Mayu ya kamata ku fara. JSPS, hukumar tallafa wa kimiyya ta Japan, ita ma tana ba da na wata 12 zuwa 24, ga wanda bai kai shekara shida da digiri ba. Sharuɗɗa kan canza, saboda haka karanta sanarwar shekarar da kake nema daga farko har ƙarshe.

Ka bambance albashi da alawus. A jami'o'in Jamus fosdok mai kwantiragi yawanci a matakin albashi na E13 yake, ana cire haraji, inshorar lafiya da fansho. Mai tallafin gidauniya alawus yake karɓa, shi zai nemi inshorarsa. Kuma lamba a takarda ba ta da ma'ana sai ka san kuɗin haya: abin da zai riƙe iyali a Jülich ba zai kai ko'ina ba a Munich.

Mataki na shida: intabiyu, da tambayoyin da kai za ka yi

Za su nemi ka yi jawabin minti talatin zuwa arba'in, galibi ta bidiyo. Nemi wurin da wuta da intanet ba za su ba ka kunya ba, ka tanadi layi na biyu. A cikin jawabin ka nuna ɗanyen hoto kusa da gyararre, ka faɗi abin da ka yi masa. Ka nuna abu ɗaya da ya ƙi yi da yadda ka gano dalili. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka gwada.

Daga nan sai naka. A nan ne na taɓa yin ganin kitse ga rogo. Gurbina na farko, an ce mini sabuwar na'ura "tana hanya, wata uku". Ta iso bayan shekara guda da 'yan watanni, kuma kafin ta fara ba da hoton kirki kwantiragina ya kusa ƙarewa. Ba wanda ya yi mini ƙarya da gangan, ni ne ban yi tambaya ba. Don haka ka tambaya: na'urar tana aiki yau? Yaushe aka buga takarda ta ƙarshe daga gare ta? Mutum nawa ke rabon ta, kuma mako nawa a jere mutum ke samu? A gidan sanyi, kwana uku-uku ba sa haifar da komai, domin shirya samfur da allura kaɗai kan cinye su. Daga ina hiliyom ke zuwa, kuma suna da injin mayar da shi ruwa? A ƙarancin hiliyom na 2022 ɗakuna da dama sun rage aiki. Akwai injiniya na dindindin? Waɗanda suka riƙe gurbin kafin kai, ina suke yanzu? In ka tashi tafiya, wane ɓangaren aikin za ka iya ɗauka ya zama naka?

Sannan ka roƙi a bar ka ka yi hira da ɗaliban ba tare da oga ba. In aka hana, ka samu amsarka.

Mataki na bakwai: takardu

A taƙaice. In malamin jami'a ne kai, ka nemi hutun a rubuce, ka karanta yarjejeniyar dawowa kafin ka sa hannu, kada ka tafi a kan alkawarin baki. Ingila tana buƙatar shaidar ATAS ga masu bincike a fannoni irin namu, kuma sai da ita ake neman biza. Amurka galibi J-1 ce, wadda wani lokaci ke zuwa da sharaɗin komawa gida shekara biyu. In da iyali za ka tafi Jamus, tantance takardun aure da na haihuwa kan ɗauki watanni, don haka fara da wuri, kuma ka tabbata rubutun sunanka iri ɗaya ne a fasfo, shaidar digiri da takardun da ka buga. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya jawo wa mutane wahala mai yawa. Buɗe lambar ORCID, wadda ke haɗa duk takardunka ƙarƙashin shaida ɗaya, ka huta.

Mataki na takwas: wata shidan farko

Shekara biyu gajeru ne. Cire wata uku na koyon na'ura, cire wata shidan ƙarshe na neman aiki na gaba, ka ga abin da ya rage. Saboda haka ka riƙe aiki biyu: ɗaya tabbatacce da zai ba da takarda cikin shekara, ɗaya mai haɗari wanda in ya yi zai ɗaga sunanka.

Ka girmama injiniya da masu ɗakin ƙira kamar yadda za ka girmama farfesa, har ma fiye. Ka rubuta komai a littafin na'ura, har kuskurenka, musamman kuskurenka. Kada ka taɓa cikin tukunyar bakyum da hannu tsirara. Maiƙon yatsa ɗaya yana ɓata ta. In aka buɗe ta, sai an naɗe ta da takardar alminiyom kamar kazar gashi, a dafa ta a digiri 120 zuwa 150 kwana biyu ko fiye kafin ta dawo daidai, don haka kafin ka murɗa kowane bawul ka tsaya ka sake tunani. Ranar da ka fasa wani abu, kuma za ka fasa, kai ka fara faɗa.

Aikin dare ya zama al'ada domin gini ya fi natsuwa. Yana da daɗi, amma yana ware mutum daga jama'a. Ka gaya wa oga tun farko cewa Juma'a da rana za ka fita awa ɗaya da rabi. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba in an faɗa da wuri aka tsara ranar zuba hiliyom. 'Yar'uwa, ke ma da ke nake duk maganar nan: ki tambayi tsarin hutun haihuwa da wurin renon yara kafin ki sa hannu, domin Humboldt da Marie Curie duka suna da alawus na iyali.

Maganar jerin sunaye a takarda a yi ta ranar da aka fara aikin, ba ranar da aka gama ba. Ka kuma nemi zuwa taro ɗaya a shekara: taron bazara na ƙungiyar masana fiziks ta Jamus, ko na Amurka da ake yi a Maris, ko taron nc-AFM da aka fara a Osaka a 1998. A bakin allon fosta ake ƙulla yawancin gurabe na gaba.

Mataki na tara: mafita

Tun wata na goma sha biyu ka san inda ka dosa. Kaɗan ne daga cikin masu fosdok ke zama farfesoshi a Turai ko Amurka, kuma wanda ke son wannan hanya sai ya nemi manyan tallafi irin Emmy Noether a Jamus, ko na ERC, majalisar bincike ta Turai, da kan kai Yuro miliyan ɗaya da rabi na shekara biyar. Fosdok na biyu abu ne da aka saba. Na huɗu alama ce ta a sake lissafi. Jamus ma dokarta ta ƙayyade shekarun da jami'a za ta riƙe mutum a kwantiragin wucin gadi.

Kamfanoni kuwa suna son mutanenmu ƙwarai. Bruker, Park Systems, Oxford Instruments, Nanosurf, Scienta Omicron, SPECS da Unisoku duk suna ɗaukar waɗanda za su nuna wa masu saye yadda na'ura ke aiki ko su ƙera sabuwa, haka ma masana'antun guntun kwamfuta. Ba faɗuwa ba ce, kuma albashin ya fi.

In gida za ka dawo, kada ka yi mafarkin tukunyar bakyum da ruwan hiliyom. Ɗaukewar wuta ɗaya tana iya mayar da kai baya mako guda, kuma janareto a bayan gini maƙiyin allura ne. Abin da zai rayu shi ne AFM ta kan tebur, a ɗakin ƙasa nesa da titi, da batir da inbata da sola nata na kanta. Teburin hana girgiza mai tsada ba dole ba ne a farko; faifan dutse mai nauyi da aka rataye da igiyoyin roba a cikin akwati mai rufi yana yin aikin, kuma ɗakuna da dama a Turai da shi suka fara. Humboldt tana da tallafin komawa gida da na kayan aiki ga tsofaffin 'yan shirinta, ka nema tun kana can. Ka kuma ƙulla da ogan da za ka bari cewa za ka riƙa dawowa wata biyu a shekara da samfura da ɗalibi ɗaya.

Abin da ke kashe irin wannan na'ura a wurinmu allura ce. Ta AFM ba a yin ta da hannu, saye ake yi, kowace tana cin daloli gommai, kuma ɗalibi sabon shiga yana iya karya biyar kafin azahar. Ka sa kuɗinsu na shekara uku cikin kowace takardar neman tallafi. A jakarka ta dawowa ka sako hantsaki biyu masu kyau, da faifan gwajin ma'auni, da guntun girafait da ma'adinin maika, da akwatin busar da samfur. Da damina laima kan shimfiɗa ruwa siriri a kan samfur ya riƙe allura, da hunturu kuma ƙura da bushewar iska ke damun ta, saboda haka ka rataye ma'aunin laima a bango, ka koya wa ɗalibai su rubuta abin da ya nuna a gefen kowane hoto.